Tambayoyi da amsoshi: yadda gundumomin Amurka ke tsara manyan ayyukansu, da yadda ake zaɓar wanda za a fara

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanenmu mazauna Amurka, musamman waɗanda suka sayi gida suka fara ganin takardar haraji na zuwa musu duk shekara, ko waɗanda suka je zaɓe suka tarar da tambayar cin bashi can ƙasan takardar ƙuri'a suka rasa inda za su dangwala. Kowace jiha da dokarta fa, don haka abin da ke nan shi ne yadda aka fi yi, inda wata gunduma ta fita daban kuma an kira sunanta. Gunduma a nan ita ce abin da suke kira county, wato ƙaramar hukumar da ke ƙarƙashin jiha.

Wai mene ne wannan tsarin manyan ayyukan da ake ta faɗa duk lokacin kasafin kuɗi?

Kundi ne da gunduma ke fitarwa mai ɗauke da jerin duk wani babban aiki da take da niyyar yi nan da 'yan shekaru, titi ne, gada ce, kotu, gidan yari, laburare, tashar 'yan kwana-kwana, matatar ruwa, kowanne an rubuta nawa zai ci, a wace shekara za a kashe nawa, kuma daga wace jaka kuɗin za su fito. A bangon kundin galibi za ka ga an rubuta CIP, da wannan sunan ma ake nemansa. Yawanci na shekara biyar ne ko shida. Gundumar Fairfax a jihar Bajiniya na shekara biyar take yi, Montgomery ta Merilan na shida, ita kuwa Arlington har shekara goma take hangowa.

Shi kasafin yau da kullum na albashi ne da man motoci da wutar ofis, abubuwan da ake cinyewa cikin shekara a sake nema. Wannan kuwa na abin da za a daɗe ana mora ne, shekara ashirin, talatin, hamsin. A wasu jihohin ma ba ganin dama ba ne, doka ce. Jihar Washinton tun dokarta ta 1990 ta ce gundumomin da dokar ta shafa sai sun nuna tsarin shekara shida har da inda za su samo kuɗin, Filorida kuma na shekara biyar take nema.

Ashe gunduma ma tana yin titi? Ni na ɗauka aikin jiha ne ko na birni.

Tana yi mana, sosai ma. Sama da kashi 40 cikin 100 na tsawon titunan Amurka a hannun gundumomi suke, gadoji kuma kusan huɗu cikin kowace goma, sannan galibin gidajen yarin da ake ajiye mutum kafin a yanke masa hukunci na gunduma ne. Amma gundumomin nan sun haura 3,000 kuma ba su yi kama da juna ba ko kaɗan. Los Anjalas na da mutum wajen miliyan 10, Loving a Teksas kuwa ƙidayar 2020 mutum 64 ta samu a cikinta. Teksas kaɗai na da gunduma 254, Delaware uku kacal, Connecticut ma ta soke gwamnatocin gundumominta tun 1960.

Shi ya sa kafin ka je ka tsaya gaban kwamishinoni, wato zaɓaɓɓun 'yan majalisar gunduma, kana kumfar baki a kan titin ƙofar gidanka, fara bincika na wane ne. A Bajiniya misali, jiha ce ke kula da ƙananan titunan gundumomi tun 1932, in ban da Arlington da Henrico da suka riƙe nasu. Makarantu ma haka, a Merilan da Bajiniya ginin makaranta na daga cikin abin da ya fi cinye kuɗin gunduma, amma a Teksas da Kalifoniya hukumomin makarantu masu zaman kansu ne, suna da harajinsu da bashinsu daban, gunduma ba ruwanta.

Wane irin aiki ne ake ƙirgawa a matsayin babba?

Kowace gunduma ita ke ja wa kanta layi, wata ta ce duk abin da ya kai dala 50,000, wata ta ce 100,000, manyan kan wuce haka, tare da sharaɗin abin ya daɗe, kamar shekara biyar ko goma zuwa sama. Cike ramin titi aikin yau da kullum ne, amma a tone titin baki ɗaya a sake shimfiɗa shi, wannan babba ne. Motar kashe gobara da sabon tsarin kwamfutar kotu su ma sukan shiga. Inda ya kamata a sa ido shi ne lokacin da aljihu ya yi zafi aka fara sulalo da ƙananan abubuwa zuwa ɓangaren manya don a samu a saye su da bashi, sai ka ga ana biyan bashin shekara ashirin a kan abin da ya mutu tun shekara ta biyar.

Na ga aikin unguwarmu a jerin, an sa shi a shekara ta huɗu. Ke nan magana ta ƙare?

Ina! Hangen Dala ba shiga birni ba. In da abu ɗaya za ka riƙe daga duk bayanin nan to wannan ne: a kundin nan shekarar farko ce kaɗai kuɗi, ita majalisar gunduma ke amincewa da ita a matsayin kasafi, a ba ma'aikata izinin kashewa. Daga shekara ta biyu zuwa ta ƙarshe niyya ce kawai, kuma majalisar bana ba ta da ikon ɗaure wadda za a zaɓa nan gaba. Duk shekara ko duk shekara biyu ake sake buɗe kundin, a cire wadda ta wuce a ƙara sabuwa a ƙarshe, kuma a nan ne ake ture wasu ayyukan baya.

Akwai ayyukan da suka shekara goma suna zaune a shekara ta huɗu ko ta biyar, kullum suna nan a jeri, kullum ba su matso ba. Hanyar gane su mai sauƙi ce, ka samo kundin bana da na bara da na bara waccan ka jera, ka duba ko aikin naku na matsowa ko yana tafiya tare da kalanda. Sannan ka duba layin da ya ce daga ina kuɗin za su fito. In an rubuta bashin da masu ƙuri'a suka riga suka amince da shi, to da ƙwarin gwiwa. In kuwa an rubuta tallafin da ake sa rai, ko ƙuri'ar da ba a kaɗa ba tukuna, ko ma an ce ba a tantance ba, to cinikin biri a sama ne. Alama mafi kyau ita ce ka ga an riga an saki kuɗin zane ko na sayen fili, don da wuya a kashe wannan a watsar, ko da yake ana yi, duba amsar da ta yi maganar ninkawar kuɗin aiki.

Su wane ne ke zama su rubuta jerin?

Daga ƙasa yake tasowa. Kowane sashe, na ayyuka, na lafiya, ofishin sharif wato babban jami'in tsaron gunduma, laburare, wuraren shaƙatawa, zai cike fom na abin da yake so da dalili da ƙiyasin kuɗi, a gundumomin da shekarar kuɗinsu ke farawa 1 ga Yuli galibi tun kaka ake fara wannan. Ofishin kasafi ya tattara, kwamitin manyan ma'aikata ya tace, sai babban jami'in gudanarwa ko zaɓaɓɓen shugaban gunduma ya miƙa wa majalisa shawararsa. A wurare da dama sai hukumar tsara gari ta duba ko ayyukan sun dace da babban tsarin amfani da ƙasa na gundumar. Daga nan a yi zaman jin ra'ayin jama'a, majalisa ta yi gyare-gyarenta ta kaɗa ƙuri'a.

Kullum abin da sassan suka nema ya ninka abin da ke ƙasa, wannan ba sabon abu ba ne, kuma su ma sun sani, shi ya sa kowa ke rubuta nasa kamar gobe ginin zai faɗo.

To ta yaya ake zaɓar wanda za a fara da shi?

Akwai waɗanda ba a ma yi musu gardama. Aikin da kotu ta ba da umarni, ko wanda wata doka ta tarayya ta tilasta, kamar gyara matatar ruwan ƙazanta saboda dokar tsaftar ruwa ta 1972, ko gyara ƙofofi da banɗakunan gine-ginen gwamnati saboda dokar naƙasassu ta 1990, waɗannan su ke fara cin rabonsu. Sai wanda aka riga aka fara, don ba a barin gini ba rufi. Sai wanda rai ke cikin haɗari in an bari. Kafin a gama da waɗannan ukun, wallahi sau da yawa abin da ya rage a tukunya bai taka kara ya karya ba, kuma a kan wannan ragowar ce ake duk hayaniyar da kake gani.

Ragowar kuma maki ake ba su. A zauna a jera ma'aunai, kowanne da nauyinsa: lafiya da tsaron jama'a, halin da abin yake ciki yanzu, mutum nawa zai amfana, zai ƙara wa gunduma ɗawainiya ko zai rage mata, akwai kuɗin waje da za a rasa in ba a yi yanzu ba, aikin a shirye yake ko har yanzu ba a mallaki filin ba. Titi na da makinsa na lafiya daga 0 zuwa 100, gada daga 0 zuwa 9, gine-gine ma ana auna kuɗin gyaransu da kuɗin sake su. Sai a tara maki a jera daga sama zuwa ƙasa, a ja layi inda kuɗi suka ƙare.

Wani abu da ke ba mutane haushi shi ne su ga an zo ana shafe titin da bai lalace can-can ba alhali nasu ya zama kamar gona. Ba lallai son kai ba ne. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa shafe titi tun yana da sauran ƙwari ya fi arha nesa ba kusa ba a kan jira sai ya mutu a tone shi, don haka da kuɗin sake titi ɗaya matacce za a iya ceto da yawa masu shirin mutuwa. Lissafin daidai ne, sai dai wanda ke zaune bakin mataccen titin ba lissafi ya dame shi ba.

Makin nan da gaske ake bi, ko dai a ƙarshe siyasa ce?

Duka biyun. Maki shawara ce ta ma'aikata, majalisa na da ikon ɗauko na ashirin ta mai da shi na uku, kuma inda kowane kwamishina ke wakiltar yankinsa akwai al'adar nan ta a raba kowa ya samu abin nuna wa mutanensa ko da buƙatar ba ɗaya ba ce. Ni ban ga laifi ba don zaɓaɓɓe ya saɓa wa maki, ai don haka aka zaɓe shi, amma ya yi a fili ya faɗi dalili a rubuta. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne siyasar ta gaske tun wajen zaɓar ma'aunan take, tun kafin a ba kowane aiki maki.

Gundumar Harris, inda birnin Houston yake, ta nuna wannan ƙarara. Bayan guguwar Harvey ta 2017, masu ƙuri'a suka amince a watan Agustan 2018 a ci bashin dala biliyan 2.5 don ayyukan hana ambaliya. Sai tambaya ta taso, da wane kwari za a fara? Tsohon lissafin da aka saba da shi, wanda hukumomin tarayya ma ke amfani da irinsa, yana auna darajar dukiyar da za a kare ne da kuɗin aikin, ka ga ke nan unguwar da gida ɗaya ya kai dala miliyan kullum ita ce a gaba, unguwar talakawa kuwa ko sau nawa ruwa ya ci ta lissafi ba zai taɓa fitar da ita ba. A 2019 majalisar gundumar ta sauya ma'aunan da ƙuri'a uku da biyu, ta ce a fara da inda abin ya fi muni, a kuma ba raunin mazauna wurin nauyi, wato talauci da tsufa da rashin abin hawa da makamantansu. Masu goyon baya suka ce yanzu aka yi adalci, masu adawa suka ce an kawar da kai daga yankunansu da su ma ruwa ya ci. Kwari ɗaya, ruwa ɗaya, an canza ma'auni jeri ya juye.

Kuɗin duk daga ina suke fitowa?

Jaka-jaka ne. Akwai kuɗin hannu da ake warewa daga harajin gidaje da filaye na shekarar. Akwai bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, wanda shi ne babba a yawancin manyan gundumomi. Akwai kason harajin mai da jiha ke rabawa, da tallafin jiha da na tarayya, da kuɗin da ake caza masu gina sababbin rukunin gidaje saboda nauyin da za su ɗora wa tituna da makarantu, da kuɗin ruwa da na shara da masu amfani ke biya. Wasu jihohin kuma sun yarda a ƙara ɗan haraji a kan saye da sayarwa na wani wa'adi.

Abin lura shi ne yawancin jakunkunan nan a ɗaure suke. Kuɗin da aka karɓa na ruwa ba a gina laburare da su, harajin mai a jihohi da yawa sai harkar titi. Don haka in ka ji wani na cewa ga shi an kashe miliyoyi a bututu amma an ce babu kuɗin gyaran wurin wasan yara, ba lallai ƙarya aka yi masa ba.

Me ya sa sai an ci bashi? Ba gara a tara kuɗin a yi aikin ba?

Ƙananan gundumomi da yawa haka suke yi, kuma ba ruwan bashi a kansu. Amma kotun da za ta ci dala miliyan 100, in aka ce sai an tara, waɗanda suka biya harajin tarawar wasu sun ƙaura wasu sun rasu kafin a aza tubali, farashin gini kuma ya riga ya gudu ya bar abin da aka tara. Hujjar masu bashi ke nan, ginin da za a yi shekara arba'in ana amfani da shi, duk wanda ya zo ya mora ya sa hannu a biya. Ga kuma sauƙi, ribar da mai sayen irin waɗannan takardun ke samu galibi gwamnatin tarayya ba ta cire mata haraji, shi ya sa gunduma ke samun bashi da ruwa ƙasa da na kamfani.

Bashin iri biyu ne manya. Akwai wanda gunduma ke jingina ikonta na karɓar haraji baki ɗaya, wato ko ta halin ƙaƙa sai ta biya ko da za ta ƙara haraji. Akwai kuma wanda ake jingina kuɗin shigar aikin kansa, kamar kuɗin ruwan famfo ko na filin jirgin sama. Ƙa'idar da ba a so a karya ita ce kada wa'adin bashi ya wuce rayuwar abin da aka saya da shi.

Sai an tambaye mu kafin a ci bashin?

Ya danganta da jiha da irin bashin. A Bajiniya tsarin mulkin jihar ya sa gunduma ta je ƙuri'ar raba gardama kafin ta ci irin na farkon nan, shi ya sa mazauna can ke yawan ganin tambayar a zaɓen Nuwamba. A Kalifoniya sai an samu kashi biyu bisa uku na ƙuri'u, makarantu ne kawai aka sassauta musu zuwa kashi 55 tun 2000, kuma a Nuwamban 2024 an nemi a sassauta wa ayyukan gidaje da ababen more rayuwa haka nan masu ƙuri'a suka ƙi. A Jojiya tun 1985 gunduma na iya neman ƙarin santi ɗaya a kowace dala ta ciniki na shekara biyar ko shida, da sharaɗin a bayyana ayyukan tun kafin ƙuri'a kuma ba a biyan albashi da kuɗin.

Bashin da aka jingina da kuɗin shiga kuwa galibi ba ya buƙatar ƙuri'arka, haka ma dabarar nan ta a sa wata hukuma ta gina gunduma ta riƙa biyan haya har ta mallaka. Halas ne a doka, amma in ka ga aikin da masu ƙuri'a suka ƙi ya dawo ta wannan ƙofar, to ka yi tambaya.

Akwai iyakar bashin da gunduma za ta iya ci?

Jihohi da yawa sun sa iyaka, yawanci wani kaso na darajar dukiyar da ake karɓar haraji a kanta, amma gundumomi masu hankali kan sa wa kansu wadda ta fi wannan tsauri. Fairfax tun 1975 take da ƙa'idojinta, bashinta kada ya kai kashi 3 cikin 100 na darajar dukiyar, abin da take biya duk shekara kuma kada ya wuce kashi 10 na abin da take kashewa daga babbar jakarta. Wannan na cikin abin da ya sa kamfanonin auna cancantar bashi, Moody's da S&P da Fitch, duk suka ba ta maki mafi girma, mai babban maki kuwa ruwansa kaɗan ne. A aikace wannan iyakar ce ke ja layin da aka yi magana a amsar zaɓen ayyuka, ofishin kuɗi ya ce ga iya abin da za mu iya ci bana, sauran sai a jira.

Wanda ke son ganin ɗaya ɓangaren ya dubi gundumar Jefferson ta Alabama, inda Birmingham take. A 1996 ta shiga yarjejeniya a gaban kotu cewa za ta gyara bututun ƙazantarta da ke malala cikin koguna. Aikin dole ne, ba wanda ya musa. Amma kuɗin suka yi ta kumbura, cin hanci ya shiga, aka sake juya bashin zuwa wasu rikitattun yarjejeniyoyi kan ruwan bashin da suka tarwatse a rikicin tattalin arziki na 2008. A Nuwamban 2011 gundumar ta je kotu ta ce ta karye, da bashin sama da dala biliyan 4, fiye da biliyan 3 na bututun ne, kuma ita ce karyewar ƙaramar gwamnati mafi girma a tarihin ƙasar har sai da Detroit ta zo a 2013. Tsohon shugaban kwamishinoninta Larry Langford ɗaurin shekara 15 aka yanke masa, mazauna kuwa kuɗin da suke biya na bututun ƙazanta ne ya yi ta hawa.

Me ya sa sabon gini ke samun shiga, gyaran tsoho kuma kullum sai a ce badi?

Saboda sabon gini ana yanka masa kyalle a ɗauki hoto, ba wanda ke taro don an canza rufin kotu ko injin ɗumama gidan yari. Kuma gyara shi ne abin da ya fi sauƙin ɗagawa, in ka ɗaga shi bana ba abin da zai faru gobe, haka badi, haka badin badaɗa, sai ranar da abin ya tsaya cak a nemi ninkin kuɗin cikin gaggawa ba tare da an samu damar neman farashi mai kyau ba. Bashi ne shi ma, sai dai ba ya fitowa a shafin basussuka.

Gadoji sun ɗan tsira saboda dole. Bayan gadar Silver ta rufta cikin kogin Ohayo a 1967 mutum 46 suka mutu, aka kafa ƙa'idar duba gadoji ta ƙasa, galibi duk wata 24, wadda ta samu maki 4 ko ƙasa an san ta lalace kuma a rubuce yake kowa na iya gani. Amma ƙa'idar ta tsaya ne a kan waɗanda suka haura ƙafa 20, ƙananan kwalbatoci da rufin gine-gine da bututun ƙarƙashin ƙasa sai gundumar da ta ga dama ta ƙirga nata. In kana so ka auna kundin gundumarku da tambaya ɗaya, ka tambayi kashi nawa ke tafiya wajen riƙe abin da ake da shi, kuma nawa ne jimillar gyaran da aka ɗaga. Gundumar da ba ta da amsar ta biyun, jerin nata duk kame-kame ne.

In an gama gini ai shi ke nan an huta ko?

Lokacin ma aka fara. Sabon laburare na son ma'aikata da wuta da mai shara, sabon gidan yari na son gandirobobi dare da rana, kuma duk wannan daga kasafin yau da kullum zai fito, wanda ba a cin bashi dominsa. Kundi mai kyau a ƙarƙashin kowane aiki yakan rubuta nawa zai riƙa ci duk shekara bayan an buɗe. In ba ka ga wannan layin ba, nemi a faɗa maka.

Me ya sa aikin da aka ce miliyan 20 sai a ƙare a 35?

Lambar farko da ke shiga kundi galibi ƙiyasi ne na tun kafin a yi zane, kafin a haƙa ƙasa a ga abin da ke ciki, kafin a yi ciniki da masu filaye, kafin a san bututun wane da wayar wane za a kawar. Sai aikin ya zauna shekara huɗu yana jiran layi farashi na tafiya, tsakanin ƙarshen 2020 da 2023 kaɗai tsadar gina tituna a Amurka ta haura da fiye da rabi. Ga kuma ƙare-ƙare, tunda za a yi a ƙara ɗaki, a ƙara bene. Don haka tambayar da ta dace ita ce, wannan lambar a wane mataki aka fitar da ita, kuma an sa hauhawar farashi da kuɗin ko-ta-kwana a ciki?

Wani lokacin kuma abin ya wuce ƙiyasi, rashin riƙo ne. Gundumar Wayne ta Mishigan ta fara gina sabon gidan yari a tsakiyar Detroit a 2011, a 2013 aka dakatar saboda kuɗin sun zarce, bayan an narka wajen dala miliyan 150. Kangon ya yi shekaru a tsaye ana biyan bashinsa, daga baya aka rushe shi, sabuwar cibiyar da aka gina a wani wurin sai 2024 aka buɗe ta.

Tunda akwai kuɗin tarayya, me zai hana a jira su kawai?

Ba kyauta ba ce zalla. A yawancin ayyukan titi tarayya kashi 80 take biya, sauran 20 sai an nemo a gida, kuma kuɗin na zuwa da sharuɗɗa, binciken muhalli a ƙarƙashin dokar 1970, biyan leburori albashin da dokar 1931 ta tanada, rahotanni ba iyaka. Ƙaramar gunduma mai injiniya ɗaya wani sa'in ko cike takardun neman ba za ta iya ba. Dokar ababen more rayuwa ta Nuwamban 2021 ta ɗan sassauta, ta ware dala biliyan 27.5 don gadoji kuma ta yarda tarayya ta biya duka a kan ƙananan gadojin da ba sa kan manyan hanyoyinta. Tallafin korona na Maris 2021 kuma ya ba gundumomi dala biliyan 65.1 kai tsaye, da wa'adin a ɗaura su a kan ayyuka kafin ƙarshen 2024 a kashe kafin ƙarshen 2026.

Haɗarin biyu ne. Na farko tallafi na karkatar da jeri, aikin da ba shi ne damuwarku ba ya tsallako gaba don kawai wani zai biya kaso mafi yawa, ku kuma ku gaji ɗawainiyarsa har abada. Na biyu a gina tsari a kan kuɗin da ba su zo ba. Harris ɗin nan da aka ambata ta lissafa cewa abokan haɗin gwiwa za su kawo kusan kwatankwacin abin da ta ci bashi, sai ga shi a 2021 da jihar Teksas ta raba kuɗin tarayya na rigakafin ambaliya a zagayen farko ba ta ba ta ko sisi ba, sai bayan an yi ca aka ware mata dala miliyan 750.

Filin wasa fa, shi ma babban aikin gunduma ne?

In gunduma ta sa kanta. Masu ƙuri'a a Hamilton ta Ohayo sun amince a 1996 da ƙarin rabin santi a harajin ciniki don gina wa ƙungiyoyin Bengals da Reds filaye biyu a Cincinnati, da alkawarin za a rage wa masu gidaje haraji. Kuɗin shigar ba su kai yadda aka hango ba, yarjejeniyar hayar kuma ta ɗora wa gundumar ɗawainiya mai yawa, daga baya sai da aka zaftare rangwamen da aka yi alkawari. Irin waɗannan ayyukan da wuya su bi layin maki, daga sama suke faɗowa, don haka a nan ne ya fi kamata a karanta wa zai biya gyara nan da shekara ashirin.

Ni haya nake yi, ban ma zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ina da ta cewa?

Ƙuri'ar bashi dai sai ɗan ƙasa mai rajista. Amma zaman majalisa a buɗe yake, kowace jiha na da dokar da ta tilasta haka, kuma galibi ba a tambayar takardun zama kafin a ba mutum minti biyu ko uku ya yi magana, suna da unguwa kawai ake nema, wanda ba ya son tsayawa gaban jama'a kuma ya rubuta ya aika. Harajin gida kuwa kana biya, a cikin kuɗin hayarka yake.

Sai dai lokaci shi ne komai. Ranar da majalisa za ta kaɗa ƙuri'a an riga an gama dafa komai, ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da magana ke tasiri shi ne sa'adda sassa ke haɗa buƙatunsu, wata shida ko fiye kafin nan, don haka ka fara da injiniyan sashen ko ofishin kwamishinan yankinku. Ka je da lambar aikin kamar yadda take a kundi, da hotuna, da adadin haɗurran da aka yi a wurin in akwai, da maƙwabta ko biyar ne. Kuma kada ka ce a yi mana aikin kawai, nemi abu takamaimai da za su iya amsawa da e ko a'a, misali a matso da kuɗin zane daga shekara ta uku zuwa ta farko, don shi ne ƙaramin kuɗin da majalisa za ta iya motsawa ba tare da ta ture aikin wani ba.